Gargaɗin Cutar Ƙunar Tumatir da Dankali ta Hanyar Hasashen Yanayi: Matsalolin Isar da Saƙo Cikin Hausa a Vinikilang

1.0 Gabatarwa

Vinikilang gari ne da ke gaɓar arewa ta kogin Binuwai, da zarar an haye gadar Jimeta, a cikin ƙaramar hukumar Girei ta jihar Adamawa. Mazauna wurin sun haɗa da Bata da Fulani da Hausawa da wasu ƙabilu da dama, kuma Hausa ce harshen da ya fi haɗa su a kasuwa da tasha da bakin kogi. Kamar sauran garuruwan da ke kewaye da Yola, ana noman tumatir da tattasai da albasa da alayyafo a fadamun da ruwa ya janye ya bari, haka kuma akwai masu ƴan lambuna a bayan gida waɗanda abin miya kawai suke nema, in ya yi saura a kai kasuwa. Irin wannan ƙaramin manomi ba shi da malamin gona na kansa, ba shi kuma da jarin da zai sake shuka idan cuta ta cinye ta farko.

A wasu ƙasashe an daɗe ana amfani da bayanan yanayi wajen gargaɗin masu noman dankalin Turawa da tumatir cewa cutar ƙunar ganye ta kusa sauka, domin su yi rigakafi tun kafin su ga alamarta. Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda irin wannan gargaɗi yake aiki, da kuma nuna matsalolin harshe da za a ci karo da su idan aka tashi isar da shi cikin Hausa ga masu lambu a wuri irin Vinikilang. Za a fara da bayanin cutar da tarihin gargaɗin, sannan a dubi yanayin ƙasar Yola, daga nan a shiga batun kalmomi da nahawu da ƙa'idojin rubutu. Jimlolin da aka kawo a matsayin misali an tsara su ne domin wannan bayani.

2.0 Cutar da Yadda Take Yaɗuwa

Cututtuka biyu ne daban-daban Ingilishi ya haɗa a ƙarƙashin kalma ɗaya, ya bambanta su da cewa ɗaya mai zuwa da wuri ce, ɗaya kuma mai makara. Tilas ne a rarrabe su tun da farko, domin kowace da irin yanayin da take so.

Ta farko, wadda ta fi suna a duniya, wata halitta ce mai kama da funfuna ke haddasa ta, wadda masana suke kira Phytophthora infestans. Kalmar farko ta wannan suna daga Girkanci take, ma'anarta mai halaka tsiro. Alamarta ita ce tabo mai duhu a ganye kamar an watsa masa tafasasshen ruwa, da wani farin gashi-gashi a bayan ganyen idan an tashi da safe. Wannan farin abu shi ne irin cutar, wanda iska da feshin ruwan sama suke ɗauka zuwa wani ganyen. Irin ba ya iya shiga jikin shuka sai ganye ya daɗe a jiƙe, kuma ya fi samun ƙarfi idan gari ya yi sanyi-sanyi, wato tsakanin digiri 15 zuwa 20 a ma'aunin Salshiyas. Idan zafi ya haura digiri 30 sai ya tsaya. Daga shigar iri zuwa fitar sabon iri bai fi kwana 4 zuwa 7 ba, shi ya sa gona takan ƙone ƙurmus cikin mako biyu idan yanayi ya ba cutar dama. Ruwa kan wanke irin ya gangara cikin ƙasa ya ruɓar da dankalin kansa, a tumatir kuwa ɗan yakan yi wani tabo mai tauri, launin ƙasa-ƙasa.

Ta biyu funfuna ce ta ainihi mai suna Alternaria solani. Ita takan fara ne daga tsofaffin ganyaye na ƙasa, ta yi tabo mai da'ira cikin da'ira kamar an jera zobba, gefensa ya yi rawaya. Tana son ɗumi, tsakanin digiri 24 zuwa 29, kuma ta fi yaɗuwa inda ganye yake jiƙewa da dare ya bushe da rana. Takan kwana a cikin karmamin shukar bara, ta fi kuma kama shukar da ba ta samu isasshen taki ba. Ba ta da saurin kisa irin na ta farko, amma takan kakkaɓe ganye har rana ta ƙona ƴaƴan tumatirin, amfanin ya ragu ƙwarai.

3.0 Tarihin Gargaɗi ta Hanyar Yanayi

Cuta ta farko ce ta jawo yunwar ƙasar Ailan wadda ta fara a 1845 ta kai har 1852, inda kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu fiye da miliyan suka yi ƙaura, akasarinsu zuwa Amurka. A lokacin mutane da yawa sun ɗauka damshi ne kawai yake ruɓar da dankali. Sai a 1861 masanin tsirrai na Jamus Anton de Bary ya tabbatar da cewa wata halitta ce mai rai take kawo cutar, shi ne kuma ya sa mata sunan da aka san ta da shi a 1876. A 1885 Millardet na ƙasar Faransa ya bayyana haɗin tagulla da farar ƙasa wanda ake fesa wa ganye. Wannan haɗi ba ya warkar da ganyen da ya riga ya kamu, sai dai ya kare wanda bai kamu ba. Daga nan ne tambayar da ta haifi gargaɗi ta taso: yaushe ya kamata a yi feshi?

Amsa ta farko ta fito daga ƙasar Holan a 1926, inda van Everdingen ya kafa sharuɗɗa 4: raɓa ta kwana a ganye na aƙalla sa'a 4, sanyin dare kada ya sauka ƙasa da digiri 10, washegari gari ya lulluɓe da gajimare, sannan a samu ko da yayyafi ne. A Ingila, Beaumont ya sauƙaƙa abin a 1947, ya ce idan an yi sa'a 48 zafi bai sauka ƙasa da digiri 10 ba, damshin iska kuma bai sauka ƙasa da kashi 75 cikin 100 ba, to a sa ran cuta. A 1956 Smith ya kawo ƙa'idar da aka daɗe ana aiki da ita, wato kwana 2 a jere da zafi bai gaza digiri 10 ba, kuma a kowace rana damshin iska ya kai kashi 90 cikin 100 na tsawon sa'a 11. Da aka ga cuta tana ɓulla ba tare da an cika wannan sharaɗi ba, sai Cibiyar James Hutton ta Sikotilan ta rage sa'o'in zuwa 6, aka fara aiki da sabuwar ƙa'idar a 2017. A Ailan kuwa, tun shekarun 1950 Austin Bourke ya tsara wa hukumar yanayi ta ƙasar nata sharuɗɗan, kuma gargaɗin cutar dankali ya zama wani ɓangare na rahoton yanayi da jama'a suka saba ji.

Ita ma cuta ta biyu an yi mata nata lissafin. A 1978 wasu masana a jihar Fensilbeniya ta Amurka suka fitar da tsarin da suka kira FAST, daga baya aka sauƙaƙa shi a lardin Ontariyo na Kanada aka sa masa suna TOMCAST. A wannan tsari ana ƙirga sa'o'in da ganye ya yi a jiƙe da kuma zafin da aka yi a cikin waɗannan sa'o'i, a ba kowace rana maki, a riƙa tarawa. Idan makin ya kai wani adadi sai a ce a yi feshi, a sake ƙirga daga farko.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan ƙa'idoji ba cutar suke gani ba, yanayin da take so suke aunawa. Ke nan gargaɗin magana ce a kan abin da zai iya faruwa, kuma wannan yana da muhimmanci ƙwarai idan an zo zaɓen kalmomi.

4.0 Ƙa'idar Turai a Ƙasar Yola

Yola tana cikin kwarin Binuwai, tudunta bai kai mita 200 daga doron teku ba, kuma tana cikin garuruwa mafiya zafi a Nijeriya, inda a watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40. Damina takan fara wajen Mayu ta ƙare a Oktoba. A cikinta sanyin dare ba ya sauka ƙasa da digiri 20, iska kuma takan cika da damshi daga tsakar dare zuwa safiya, musamman a Agusta da Satumba. Idan aka ɗauki ƙa'idar Hutton aka ɗora a kan wannan yanayi, sharaɗin digiri 10 a cike yake kullum, na sa'a 6 kuma zai riƙa cika a mafi yawan dararen marka. Sakamakon haka shi ne a yi ta aika gargaɗi kusan kowace rana a kan cutar da zafin rana ba ya barin ta ta yi ƙarfi a wurin. Da hunturu kuwa, lokacin da dare yake yin sanyin da cutar take so, iska a bushe take. Dalili shi ne waɗanda suka tsara ƙa'idar a ƙasar sanyi suke, don haka iyakar ƙasa kawai suka sa wa zafi, ba su bukaci sa masa iyakar sama ba.

Inda cuta ta farko take da ƙarfi a Nijeriya shi ne tsaunuka. A tudun Jos, mai tsawon kimanin mita 1,200, ƙananan hukumomin Bokkos da Mangu da Barikin Ladi da Pankshin su ne cibiyar noman dankalin Turawa, a Kuru kuma akwai reshen Cibiyar Binciken Saiwoyi ta Ƙasa mai kula da dankali. Manoman wannan yanki sun tafka asara saboda wannan cuta a daminar 2014 da ta 2022. Haka kuma tsaunin Mambila, wanda ya fi na Jos tudu, yana da sanyi da hazon ruwa irin wanda cutar take so. Mambila tana cikin tsohuwar jihar Gongola mai hedkwata a Yola har zuwa 1991 da aka raba ta zuwa Adamawa da Taraba. Daga irin waɗannan tsaunuka ne dankalin Turawa yake zuwa kasuwannin kwari, saboda haka asarar manomin Bokkos ko Gembu takan iso wa mai cefane a Jimeta ta hanyar tsada.

Ga mai lambun tumatir a Vinikilang, cuta ta biyu ce ta fi kusa da shi, tare da ƙwarin da ke cin ganye. Raɓar bakin kogi da ban-ruwan da ake watsawa a kan ganye da yamma suna samar da jiƙewar dare da bushewar rana, wato daidai abin da take so. Ke nan gargaɗin da zai amfane shi sai an gina shi a kan lissafin jiƙewar ganye. Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, wadda aka kafa da doka a 2003, tana fitar da hasashen damina na shekara-shekara mai nuna faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa da kwanakin fari, kuma ta fassara taƙaitaccen bayaninsa zuwa Hausa da wasu harsuna. Mazauna gaɓar Binuwai kuma sun san gargaɗin ambaliya, musamman bayan abin da ya faru a 2012 da 2022 lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. Wato akwai harsashin da za a ɗora gargaɗin cutar shuka a kai, saura yadda za a faɗe shi.

5.0 Matsalolin Harshe

5.1 Sunan Cuta

Hausa tana da tsofaffin sunaye na cututtukan amfanin gona, kamar burtuntuna mai mayar da zangarniyar dawa baƙin gari, da darɓa mai danƙo a ganye, da domana. Sai dai duk waɗannan na hatsi ne, domin gero da dawa su ne Bahaushe ya daɗe yana nomawa. Tumatir irin na yanzu da dankalin Turawa baƙi ne, sunan na biyun ma ya nuna haka, tun da asalin kalmar dankali na ɗan Hausa ne mai zaƙi, wanda a Hausar yamma ake kira kudaku. Ayyukan farko irin littafin sunayen tsirrai na Dalziel (1916), likitan da ya yi aiki a lardin Yola, da ƙamusun Bargery (1934), an yi su ne kafin noman waɗannan kayan lambu ya bunƙasa kamar yadda yake a yau.

Idan baƙuwar annoba ta zo, manoma ba sa jiran masana su raɗa mata suna. A 2016, lokacin da tsutsar Tuta absoluta ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa da Katsina, har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin, manoma sun kira ta sharon, ƴan jarida kuma suka ce mata Ebolar tumatir. Suna na biyu ya jawo ruɗu, domin tsutsar malam-buɗe-littafi ce, ba cuta mai yaɗuwa irin ta mutane ba. Wannan ya nuna cewa sunan da bai dace ba yana iya karkatar da mutum daga maganin da ya dace.

Fassara kai tsaye daga Ingilishi ma ba za ta yi ba. Idan aka ce ƙuna mai sammako da ƙuna mai makara, an ɗauko lissafin bazarar Turai ne, wanda ba shi da ma'ana a inda ake shuka tumatir damina da rani. Ya fi dacewa a bi hanyar da Hausa ta saba bi wajen raɗa suna, wato ta kama ko ta lokaci. Bisa ga haka ana ba da shawarar a kira duka biyun cutar ƙuna, a kira ta farko ƙunar marka ko cutar marka, tun da da ruwa mai ɗorewa da sanyi take zuwa, a kira ta biyu ƙunar zobe ko cutar zobe saboda siffar tabonta. Duk wanda ya juya ganye ya duba zai iya tantance wadda ake nufi.

5.2 Kalmomin Yanayi

Ginshiƙin lissafin duka shi ne damshin iska, wato yawan tururin ruwan da iska take ɗauke da shi idan an gwada da iyakar abin da za ta iya ɗauka a wannan zafin. Hausa tana da damshi da laima da raɓa, amma damshi da laima an fi jingina su ga ƙasa ko ɗaki ko tufa, abin da hannu zai taɓa ya ji. Cewa damshin iska ya kai kashi 90 cikin 100 magana ce ta masana, mai lambu ba shi da abin auna ta. Abin da yake iya gani shi ne raɓar da ta kwana a ganye har hantsi ba ta bushe ba, ko shanyar da ta wuni ba ta sha iska ba, ko gishirin da ya yi laima a cikin kwano. Saboda haka ya kamata a bar alƙaluma a wurin masu lissafi, a ba manomi alamar da zai gaskata da idonsa. Haka nan sa'a 6 ko 11 sun fi shiga kunne idan an ce daga tsakar dare zuwa fitowar rana, ko daga lisha zuwa hantsi.

Akwai kuma bambanci tsakanin sanyi da ɗari wanda bai kamata a yi sakaci da shi ba. Ɗari busasshen sanyin hunturu ne, kuma ba ya kawo ƙunar marka. Sanyin da ake tsoro shi ne mai tafe da ruwa. Wanda ya fassara saƙo ya sa ɗari a gurbin sanyi ya juya ma'anar gaba ɗaya. Tun da Fulfulde yana da ƙarfi a yankin, yana da kyau a tabbatar sunayen lokutan shekara sun yi daidai a harsunan biyu, wato ndunngu da damina, dabbunde da hunturu, ceeɗu da bazara.

5.3 Matakan Gargaɗi

Hausa tana da jerin kalmomi da suka bambanta a nauyi: sanarwa da faɗakarwa da gargaɗi da kashedi. Sanarwa labari ne kawai. Faɗakarwa tana neman mutum ya farga ya sa ido. Gargaɗi yana nuna haɗari ya matso, a ɗauki mataki. Kashedi kuwa yana ɗauke da barazanar hukunci daga mai magana, don haka bai dace da wannan muhalli ba. Za a iya amfani da faɗakarwa idan yanayi ya fara karkata, a ajiye gargaɗi sai sharuɗɗa sun cika. Idan aka riƙa kiran kowane saƙo gargaɗi, kalmar za ta rasa kaifinta, ranar da haɗarin gaske ya zo ba wanda zai motsa.

Dangane da hasashe kuma, wajibi ne a nisanta shi da duba ko da'awar sanin gaibu, domin masu sauraro Musulmi da Kirista duka ba za su karɓi saƙon da ya yi kama da haka ba. Kalmomin hasashe da kirdado suna nuna lissafi ne bisa alamu, irin wanda manomi da kansa yake yi idan ya ga hadari ya haɗu a gabas.

5.4 Lokutan Aiki da Karin Sauti

An nuna a baya cewa gargaɗi magana ce a kan abin da zai iya faruwa. Nahawun Hausa yana da lokacin da ya dace da wannan ma'ana, wato lokaci na gaba na biyu, mai dogon wasali da karin faɗau, kamar yadda uwa take ce wa yaro kâ faɗi. Matsalar ita ce daidaitacciyar ƙa'idar rubutu ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali. A dubi wannan jimla:

(1) Cuta ta sauka a lambu.

A rubuce tana iya zama shuɗaɗɗen lokaci, wato ta riga ta sauka, tana kuma iya zama lokaci na gaba na biyu, wato mai yiwuwa ta sauka. Mai karatu zai fi ɗaukar ma'ana ta farko, ya ɗauka aikin gama ya gama. A rediyo karin murya zai raba gardama ga Bahaushen Kano ko Sakkwato, amma a Adamawa, inda mutane da yawa Hausa harshe na biyu ce gare su, ba za a dogara da karin faɗau shi kaɗai ba. Idan kuma aka koma lokaci na gaba na ɗaya:

(2) Cuta za ta sauka a lambu.

an yi alkawarin abin da ba a da tabbacinsa, ranar da ba ta sauka ba manomi zai ce an yi masa ƙarya. Mafita ita ce a ɗora rashin tabbas a kan kalma bayyananniya:

(3) Ana fargabar saukar cuta cikin kwana 3.
(4) Mai yiwuwa ne cuta ta sauka a wannan mako.

Wajen umurni kuwa, sigar a fesa da kada a jiƙa ta fi dacewa da sigar ka ko ki, domin ba ta ware namiji da mace, ga shi kuwa lambun bayan gida sau da yawa mata ne suke kula da shi. Tana kuma kauce wa matsalar jinsi, wanda sananne ne cewa Hausar masu koyo ba ta cika rarrabe shi ba.

5.5 Haruffa Masu Lanƙwasa

Gajeren saƙon waya na yau da kullum yana ɗaukar haruffa 160, amma jerin haruffan da aka tanada masa ba shi da ɓ da ɗ da ƙ. Da zarar an sa ɗaya daga cikinsu sai wayar ta koma wani tsari mai ɗaukar haruffa 70 kacal, wasu ƙananan wayoyi ma ba sa nuna su sam. Saboda haka masu aika saƙo sukan zubar da lanƙwasar. Ga abin da hakan yake haifarwa:

(5) Ƙuna ta sauka. / Kuna ta sauka.
(6) Raɓa ta yi yawa. / Raba ta yi yawa.

A misali na (5) sunan cutar ya rikiɗe ya zama wakilin suna, jimlar ta koma maganar wasu mutane da suke ta sauka. A na (6) raɓa ta koma rabawa. Ita kuwa ɗari, ko da lanƙwasarta, sanyi da lamba rubutunsu ɗaya ne. Wannan ƙarin dalili ne na fifita cutar zobe da cutar marka a rubutaccen saƙo, tun da babu harafi mai lanƙwasa a cikinsu. Inda ba makawa sai an kawo irin wannan kalma, sai a kewaye ta da kalmomin da za su tsare ma'anarta.

5.6 Kalmar Magani

Magani a Hausa ya haɗa abin warkarwa da abin kariya da guba. A bakin masu lambu, maganin feshi yana iya zama na ƙwari ko na ciyawa ko na funfuna. Idan saƙo ya ce a fesa magani kawai, mai yiwuwa ne mutum ya ɗauko na ƙwari da ya rage masa, wanda ba ya yi wa cutar ƙuna komai, ya yi asarar kuɗi, ya kuma zuba guba a kan abin da iyalinsa za su ci. Magungunan da ake amfani da su, irin mankozeb da masu tagulla, kariya suke yi, don haka kalmar rigakafi ce ta dace da su, kuma kowa ya san ta daga allurar yara. Yawan feshi ba bisa ƙa'ida ba yana da nasa haɗarin, domin tun 1980 aka ga cutar marka ta daina jin maganin metalaksil a Ailan da Holan. Amfanin gargaɗi shi ne a rage feshi zuwa lokacin da ake bukatarsa.

6.0 Samfurin Saƙo

Idan aka haɗa abubuwan da suka gabata, saƙon waya zai iya kasancewa kamar haka, ba tare da lanƙwasa ba:

(7) GARGADI: Masu tumatir a Vinikilang, ana fargabar cutar zobe cikin kwana 3. A tsinke ganyen kasa mai tabo, a fesa rigakafi gobe da safe. Kada a jika ganye.

Wannan saƙo bai kai haruffa 160 ba. Ya faɗi wanda ake nufi da wurin da cutar da lokaci da abin yi. Kalmomi 3 ne suka rasa lanƙwasa, wato gargaɗi da ƙasa da jiƙa, kuma muhallin kowace ya tsare ta. A rediyo, inda akwai sarari, sai a ƙara da cewa a zuba ruwa a gindi da safe, a ba shuka tazara, a kafa mata sanda don ganye ya bar ƙasa, a binne ko a ƙone ganyen da aka tsinke, kuma kada a maimaita tumatir a inda aka cire tumatir ko dankalin Turawa ko gauta, domin dangi ɗaya ne, cuta ɗaya take kama su. Yawancin waɗannan matakai ba sa bukatar ko kwabo. Kafofin da ke Yola, irin su gidan rediyon jihar da Rediyo Gotel da Fombina, suna da shirye-shirye cikin Hausa da Fulfulde, kuma murya tana kaiwa ga wanda bai iya karatun boko ba.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bayyana cututtukan ƙuna guda biyu da yadda aka yi amfani da yanayi wajen gargaɗi a kansu tun daga 1926. Ta nuna cewa ƙa'idar da aka tsara don ƙasar sanyi ta fi dacewa da tudun Jos da Mambila, kwarin Binuwai kuwa lissafin jiƙewar ganye yake bukata. Ta kuma nuna cewa ko an samu lissafi ingantacce, saƙon yana iya lalacewa a wajen suna, ko lokacin aiki, ko harafi ɗaya da aka zubar wa lanƙwasa. Aikin daidaita kalmomi da ya haifar da littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa a 1990 ya tsaya ne a kan harshe da adabi. Fannin cututtukan kayan lambu yana jiran irin wannan aiki, kuma ba na masana harshe ba ne su kaɗai. Ya kamata sassan harsunan Nijeriya su haɗa kai da masana aikin gona na Jami'ar Modibbo Adama da na Samaru da ma'aikatan yanayi, a tattara sunayen da masu lambu suke amfani da su a Vinikilang da Geriyo da Bokkos da Gembu, a gwada sunayen da aka ba da shawara a nan a kunnensu, sannan a tsayar da waɗanda suka karɓa. Hausawa sun ce in kunne ya ji jiki ya tsira, amma sai kunnen ya fahimci abin da aka faɗa masa.